Allon rataya mai tsagi a shagon kayan waya: ya ga damina, ya ga hunturu

Kayan waya nake sayarwa a Samaru, Zariya: caja, iyafis, kes, gilashin fuska, fawa bank. Irin wannan kaya in ba a rataye suke ido na gani ba, ba sa tafiya. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ba ya tsayawa ka buɗe masa kwali; ya leƙo bai hango abin da yake so ba, sai ya wuce shago na gaba. Shi ya sa na bar buga ƙusa a bango, na sa allon nan mai tsagi-tsagi a kwance, irin wanda ake gani a manyan kantuna, wanda ake saƙala ƙugiya a cikinsa.

Allon da na saya na katakon MDF ne, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka danne. Falle ɗaya ƙafa 4 ne a ƙafa 8, kaurinsa milimita 18, tsakanin tsagi da tsagi kuma inci 3. Yana da nauyi, ya haura kilo 30, mutum ɗaya ba zai ɗaga shi ya riƙe a bango ba. Amfaninsa a fili yake. Ƙugiya ba ta buƙatar ƙusa ko guduma: ka sa bakinta cikin tsagin, ka sake ta, ta zauna. Sabon kaya ya zo daga Kano, cikin ɗan lokaci na matsar da wannan, na sauke wancan, na buɗe wuri. Bangon da a da bai ɗaukar rabin kayana yanzu ya cinye su duka, teburin gaba ya samu sarari.

Amma ga inda maganar take. Cikin tsagin nan akwai ɗan leɓe, shi ke riƙe ƙugiya, kuma duk nauyin kayan a kansa yake sauka. MDF ba shi da jijiya irin ta katakon gaske, in aka matsa masa ɓarewa yake. Don haka ake sayar da allon iri biyu: mai tsagi tsirara, da wanda ake zura masa siririn alminiyom a kowane tsagi. Na haɗa biyun ne saboda aljihu, mai alminiyom a bangon da ke fuskantar ƙofa, tsirara a gefe. A gefen nan ne leɓen ya tsage, wurin da doguwar ƙugiya mai inci 8 ke ɗauke da fawa bank. Tsawon ƙugiya na ƙara wa abin: duk yadda kaya suka yi nisa da bango, haka suke ƙara ɓanɓarar leɓen. Mai alminiyom kuwa har kantar gilashi na ɗora masa, ko gezau. In kes da gilashin fuska kaɗai za ka rataya, tsirara ya ishe ka. In akwai mai nauyi, ka daure ka ƙara kuɗin. A kuma tuna, ta gefe ake zura alminiyom ɗin, don haka sai a sa shi tun allon yana ƙasa. In ya hau bango ya haɗu da kusurwa, hanya ta toshe.

Wajen kafawa na yaba wa kafintan. Ni so na yi a manna allon a jikin bango kai tsaye, ya ce, "Maigida, bangon nan yana shan ruwa, dubi ƙasansa. In muka manna, kafin Agusta ta fita allon ya kumbura." Sai muka je 'Yan Katako a Sabon Gari aka yanko tubaitu, wato siraran katako masu inci 2 a inci 2, ya shafe su da maganin gara, ya huda bulo ya sa fisha, robar nan da ke riƙe sukuro a cikin bango, ya ɗaure su a tsaye, sannan ya ɗora allon a kansu. Sukurorin ta cikin tsagi ya bi da su, ba ka ganin kan ko ɗaya. Ya kuma ɗaga allon daga ƙasa kamar taƙi guda, ya shafe gefunan da aka yanka da fenti. Wanda ya san ruwan Zariya na Yuli da Agusta ya san dalili: MDF in ya sha ruwa kumbura yake kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa. Nawa ya fita damina lafiya. Wani da na sani a wajen PZ, nan cikin Zariya, da ya manna nasa a bango, ƙasan allon duk ya buɗe.

Abin da ya ɗan ɓata min rai shi ne ƙugiyoyin. Mai sayarwa ya haɗa min iri biyu a leda ɗaya, wasu bakinsu bai shiga tsagin sosai, suna rawa, ka ciro caja ƙugiyar ta biyo ta. Ka tafi da guntun allon kasuwa, ka gwada a gabansa kafin ka biya.

Sai ƙura. Da hunturu ya shigo, kowane tsagi ya zama ma'ajiyarta, farin allo kuma ba ya ɓoye komai. Tsumma ba ya shiga ciki, buroshin fenti ƙarami nake bi da shi. Ranar yanka allon ma haka, garinsa laushi gare shi, yana shiga hanci da maƙogwaro, gara a yanka a waje da takunkumi.

Akwai masu tambayata ko ragar ƙarfe ta masu walda ba ta fi ba. Ta fi arha, ba ta tsoron ruwa ko gara, kuma ga mai rumfa a bakin titi da ke kwashe kaya kullum da yamma ita zan ce ya yi. Akwai kuma allon roba na PVC mai irin wannan tsagin, shi ruwa bai dame shi ba, ya dace da kicin ko wurin wanki. Na MDF na shago ne mai rufi lafiyayye, wanda za ka daɗe a cikinsa. In haya kake, ka fara magana da mai shagon kafin a huda masa bango, ku kuma yi yarjejeniya a kan wanda zai toshe ramukan ranar da za ka tashi.