Wata goma da Peerless Assassin 120 SE a zafin Yamai

Ɗakin da nake aiki a Bukoki yana kallon yamma, rufin kwano ne, kuma ba ni da kilim. Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan farko, in la'asar ta yi, ma'aunin zafin da na rataye a bango ba ya sauka ƙasa da digiri 37. A nan na haɗa kwamfutata ta farko da hannuna, saboda aikin haɗa bidiyon bukukuwa da nake cin abinci da shi. Tun farko niyyata in ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, abin da ƴan harkar ke ce wa obakulok. A duk kayan da na saya babu wanda ya ci mini rai kamar abin da zai sanyaya ta, har na kai ga mai sanyayawa ta iska da ake kira Peerless Assassin 120 SE.

Furosesar Intel Core i5-12600K ce, wadda ta fito a ƙarshen 2021, mai ƙwayoyi goma: manya shida, ƙanana huɗu. Harafin K ɗin nan alama ce cewa ba a kulle gudunta ba, muddin an ɗora ta kan uwar kati irin Z690. Ba ta zuwa da fanka a cikin kwali, sai ka nemi naka. A takarda tana cin wat 125, ta kai 150 in ta buɗe wuta, kuma da ta taɓa digiri 100 sai ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace.

Lokacin da na zo kan mai sanyayawa aljihu ya riga ya yi sanyi, sai na ɗauki wani ƙarami a wani shago, mai bututu biyu da fanka ɗaya. Mai shagon ya ce ya wadatar. Ban ma taɓa komai a BIOS, wurin saitin uwar kati, ba, na kunna Cinebench R23, manhajar gwada ƙarfin furosesa, ina kallon HWiNFO mai nuna zafinta, ko minti biyu ba a yi ba lambar ta koma ja, digiri 100. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan, don kuɗin da na tara wata da watanni ne a cikin akwatin.

Washegari na kai kukana wurin wani mai gyaran kwamfuta a gefen kasuwar Katako, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai tambayi sunan furosesar ba ma.

"Ƙanena, ɗakin naka digiri nawa ne?"

Na faɗa masa. Ya ce, "To su waɗanda kake kallo a intanet, a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke gwajinsu. Fanka ba ta ƙera sanyi, iskar ɗaki take hurawa. Duk lambar da ka gani wurinsu, ka ɗora mata goma sha biyar, ita ce taka."

Wannan maganar ita ta gyara mini lissafi. Abin da ya ishi mutumin Faransa ya yi wasa da gudu, mu nan da kyar zai riƙe mu a saitin kamfani. Kuma zafin obakulok ba a layi ɗaya yake hawa da gudu ba. Duk ƙarin gudu yana neman ƙarin bolt, shi kuwa zafi yana bin bolt ne ninki a kan ninki, shi ya sa ɗan taku na ƙarshe, daga gudun gigahaz (GHz) 4.8 zuwa 5.0, ya fi duk na baya tsada.

Na ce masa, "Yaya, to in sayi na ruwa ke nan?" Gaskiya su suka fi burge ni, ga fitilu, ga kyan gani ta gilashi. Sai ya jawo wani daga ƙarƙashin tebur, na wani mai kawo masa gyara, famfonsa ya mutu. Ba a buɗe shi, ba a gyara shi, sai dai a sake sabo, kuma kafin sabon ya iso aiki ya tsaya. Na iska kuwa ƙarfe ne da fanka kawai. In fankar ta mutu, mai milimita 120 ba ta wuyar samu a garin nan. Ba na cewa na ruwa ba ya aiki. Babba mai fanka uku yana iya fin na iska kwashe zafi. Amma ni da amarya ke jiran bidiyonta ranar Juma'a, abin da zan iya gyarawa a yini ɗaya na fi so.

Uku na auna: Noctua NH-D15, DeepCool AK620, da Thermalright Peerless Assassin 120 SE. Noctua ce sarauniyarsu, garantinta shekara shida, sai dai tsayinta milimita 165 ne, akwatina ba zai rufu ba, kuɗinta kuma ya ninka na Thermalright fiye da sau biyu. AK620 milimita 160 ce, daidai bakin iyakar akwatina, ba na son haka. Peerless Assassin 155 ce. Ita na ba da saƙo aka taho mini da ita.

Hasumiya biyu gare ta na siraran fallayen alminiyam, fanka biyu, da bututun jan ƙarfe shida da suka taso daga gindin da ke zama a kan furosesa. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa kaɗan a rufe ruf. Zafi ya mai da shi tururi, ya hau sama, iskar fanka ta sanyaya shi, ya koma ruwa ya gangaro. Duk wanda ya sha ruwan randa a watan Afrilu ya san wannan hikimar: ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi.

Ɗaurawar ta ɗauke ni kusan awa ɗaya. Ƙarafunan ɗaurewa na LGA1700, irin mazaunin furosesata, suna cikin kwalin, har da ɗan man da ake shafawa tsakanin furosesa da gindin ƙarfen. Akwai siririyar leda manne a gindin, dole a ɓare ta, kuma tana da sauƙin mantawa don ba a ganin ta sosai. Na ɗiga man kamar ƙwayar wake a tsakiya, na riƙa ɗaure kusoshin biyu kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, don nauyin ya zauna daidai. Fankar gaba tana hawa kan sandunan RAM, wato sandunan memori da ke tsaye kusa da furosesa. Nawa gajeru ne, sun shige ƙarƙashinta lafiya. Mai dogayen sanduna masu fitila sai ya ɗaga fankar sama, ya kuma tuna ɗagawar na ƙara tsayi. A auna akwati da RAM kafin a biya kuɗi, don Allah.

A Afrilu, da la'asar, a saitin kamfani, minti talatin na Cinebench bai wuce digiri 80 ba. Na tura manyan ƙwayoyin shida zuwa 5.0 a kan bolt 1.30. Ta tsaya ba ta faɗi ba, amma zafi ya riƙa yawo tsakanin 95 da 97, fankokin na ihu. Wannan ba wurin zama ba ne ga injin da ke kwana yana fitar da bidiyo. Na sauko 4.8, bolt 1.22, zafi ya zauna wajen 87. Bambancin lokacin fitar da bidiyon awa ɗaya tsakanin saitin biyu bai kai a sha shayi zagaye ɗaya ba. Da Disamba ta shigo, ɗakin ya sauka 24 da safe, 5.0 ɗin nan da ta gagara sai ga ta a 83. Yanzu saiti biyu na ajiye a BIOS, na bazara da na hunturu.

Ƙara kuwa, in ana aikin yau da kullum, fankar silin ɗina ta fi ta. In ta kai ƙarshen gudunta, wajen juyi 1,550 a minti, ana jin ta, amma hucin iska ne, ba kuka mai shiga kunne ba.

Hunturu ya kawo sanyi, ya kuma kawo nasa aikin. Fallayen nan matse suke, ƙura na son su. Mako uku na yi ban buɗe akwatin ba, da na cire fankar gaba sai na tarar da jar ƙura ta yi shimfiɗa kamar bargo a fuskar hasumiyar, zafi kuma ya ƙaru da digiri biyar ba tare da na taɓa komai ba. Tun daga nan duk sati biyu nake kashe injin, in zare waya, in riƙe fukafukan fankar da yatsa don kada su juya, in hure da abin hura iska na hannu, in bi da busasshen buroshi. Ƴan wayoyin ƙarfen da ke riƙe fankokin suna ɓalluwa da sauƙi, aikin bai wuce minti goma ba.

Ga mai furosesa irin tawa, ko Ryzen ta kamfanin AMD mai ƙwaya shida ko takwas, da ɗaki marar kilim, zan ce ya sayi Peerless Assassin hankali kwance. Mai i9, babbar furosesar Intel, da ke son ƙure ta a bazara, wannan ba za ta ɗauke shi ba, sai ya fara sanyaya ɗakin tukuna. Ni dai na riga na sa alama a kalanda: ranar 1 ga Maris zan sake sabon man shafawa, in mayar da furosesar 4.8.