Kafin ka ƙona datarka: wane damben ya cancanci a sauke a waya?

Damben zamani mai turmi 15, irin wanda ake yi a da, yakan ci kusan awa guda, tunda kowane turmi minti uku ne, ga hutun minti ɗaya a tsakani. Data ba arha take ba, wayar ma ba kome take ɗauka ba. Saboda haka sai mutum ya san abin da yake nema tukuna: daɗin kallo ne, ko koyon dambe.

Mai neman abin da zai tsuma shi nan take, ya ɗauki karawar Marvin Hagler da Thomas Hearns a Las Vegas, 1985. Turmi uku ne ba su ma cika ba, wajen minti takwas. Tun a turmin farko goshin Hagler ya fashe, Hearns kuma ya karye a hannun dama. Datar da za ta ci kaɗan ce, amma darasinta ma kaɗan ne, domin zuciya ce ta yi aiki fiye da dabara.

Wanda ke son nazari, shawarata ya fara da Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa, Oktoban 1974. Ali na da shekara 32, Foreman 25, kuma ba a taɓa doke Foreman ba a wasa 40. Kallon farko, idonka na kan yadda Ali ya jingina da igiya yana shan naushi. Sai a kallo na biyu za ka lura da hannun daman da yake aikawa kai tsaye a turmin farko, da yadda yake danne wuyan Foreman idan sun rungumi juna, yana yi masa magana a kunne. Ka tsaya sosai a ƙarshen turmi na biyar. A nan ne za ka ga ƙarfin Foreman ya fara ƙarewa, tun kafin ya sha ƙasa a na takwas.

Amma da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, Sugar Ray Leonard da Roberto Duran zan ɗauka, kuma wasanninsu biyu na 1980 tare, don ɗaya ba ya cika sai da ɗan'uwansa. A Montreal, watan Yuni, Leonard ya biye wa Duran suka tsaya gaba da gaba, ya sha kaye da maki bayan turmi 15. Bayan wata biyar a New Orleans sai ya zo da ƙafa: ya kai naushi ya goce, ya zagaya, har Duran ya juya baya ya haƙura a turmi na takwas. Mutanen nan biyu ne dai, tsarin kawai aka sauya. Duk matashin da ke atisaye ya kamata ya ga wannan.

Kada suna ya ruɗe ka. Mayweather da Pacquiao na 2015 ya tara kuɗi, amma bai kai a maimaita kallonsa ba. In kare kai kake son koya daga Mayweather, wasansa da Canelo Alvarez na 2013 ya fi, lokacin yana da shekara 36, Canelo 23.

In tsofaffin hotuna na gajiyar da idonka, akwai Anthony Joshua da Wladimir Klitschko a Wembley, 2017: hoto tangaran, Klitschko ya faɗi a turmi na biyar, Joshua a na shida, aka tsayar da wasan a na 11.

Ko wanne ka zaɓa, nemi cikakken wasan. Guntayen bidiyon da ake yankowa faɗuwar kawai suke nunawa, su bar turmin da aka yi ana gina ta.