Hattara da masu tallar "cikakken saitin kifin teku" a Instagram da WhatsApp

Jama'a masu sha'awar ajiye kifin teku da murjani mai rai a falo, a yi hattara. 'Yan damfara sun shigo harkar. Suna tallar akwatin gilashi da fitila da gishiri da kifi da murjani a dunƙule, wai a haɗa maka yau, a zuba kifi yau. Duk wanda ya ce maka haka, ko dai bai san sana'ar ba, ko kuma ya san kifin ba zai kai labari ba. Sabon akwati sai ya yi mako 4 zuwa 6 ruwa na zagayawa kafin ƙwayoyin bakteriya masu cinye gubar ammoniya su zauna. Aka yi gaggawa, kashin kifin ne zai kashe shi.

Gishirin ma a duba. Wasu na girki suke ɗurawa a leda marar suna. Na gaskiya haɗi ne mai kalsiyam da magneziyam, waɗanda murjani ke gina jikinsa da su, kuma ana auna ƙarfin gishirin ruwan da na'ura har ya kai 1.025 zuwa 1.026.

Inda suka fi cin mutane shi ne hoto. A ƙarƙashin shuɗiyar fitila ko murjanin da ya kusa mutuwa sai ya yi ta ƙyalli. Ka ce a yi maka bidiyo da farin haske, a ajiye takarda mai sunanka da kwanan wata a jikin gilashin. Akwai kuma anemoni, wata halittar teku mai kama da fure, da ya koɗe ya yi fari fat saboda ya rasa ƙananan tsirran da ke cikin jikinsa suna ciyar da shi, sai a rina shi rawaya shar a ce sabon nau'i ne. Rinin zai fita, shi kuma ya ruɓe ya ɓata maka ruwa gaba ɗaya. Kifi mai arha fiye da kima ma abin tsoro ne, domin a wasu yankunan Filifin da Indonesiya ana sumar da kifi da gubar sayanayid wajen kamu, ya iso da kyan gani ya mutu daga baya. Kada ka biya sai ka ga yana cin abinci.

Murjani mai tauri yana cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake karewa, ba ya tsallaka iyaka sai da takardar izini. Idan an karɓi kafin alƙalami sannan aka ce kwastam sun riƙe kaya a Legas, a ƙaro kuɗi, to a tsaya nan.

Abin haushin, ba sa ambatar zafi. Murjani yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 26, Kano kuwa tana haura 40 a watan Afrilu. In babu na'urar sanyaya ruwa da inbata mai riƙe famfo idan an ɗauke wuta, kada ma a fara tura kuɗi.