Spitfire na roba: 1:72 ko 1:48?

Faɗin fikafikan Spitfire, jirgin yaƙin Ingila, ya ɗan haura mita 11. A samfurin roba na kamfanin Airfix, wanda ake harhaɗawa da hannu, mai ma'aunin 1:72 (wato an rage girman jirgin sau 72), bai kai santimita 16 ba. Ga araha, ga rashin cin wuri, kuma buroshi ya isa a shafa masa kore da ruwan ƙasa irin na 1940. Sai dai ɓangarorinsa mitsi-mitsi ne, gam ya ɗiga a gilashin matuƙi, aiki ya ɓaci.

Na kamfanin Tamiya mai 1:48 kuwa ya wuce santimita 23. Kujerar matuƙi da agogunan gabansa duk sun fito sarai, haka ma kowane kuskuren fenti, shi ya sa ake gwammace yi masa feshi. Ni dai, ɗan koyo ya fara da na Airfix.