Nono zalla ko madarar gwangwani?

'Yan uwa masu jego, nono zalla fa akwai wahala, kar wani ya ce muku babu. Satin farko kan nono ya tsage, maman ya kumbura ya yi tauri, jariri na neman tsotso sau 8 zuwa 12 dare da rana, ga wankan jego ga 'yan barka sun cika ɗaki, gwaggo kuma tana ta cewa ruwan bai zo ba a nemo madara. To amma dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu ke cewa a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko, tsagewar kuma yawanci kamun da jariri ya yi wa nonon ne bai yi daidai ba, sai ya buɗe baki sosai ya haɗa har baƙin wurin, nas a asibitin Shika ko na Gambo Sawaba a Zariya za ta nuna miki.

Madarar gwangwani tana barinki ki ɗan runtsa, wani ma zai iya ba shi. Sai dai ki je kasuwar Sabon Gari ki ji kuɗinta. Ga tafasa ruwa da fida kullum, da ruwan 'yan garuwa irin namu sakaci kaɗan sai gudawa. In likita ya ce a ba shi, a ba shi, ba abin kunya ba ne wallahi. In ba haka ba ni dai nono zalla har wata 6, ko ruwa kar a haɗa, ko da zafin Afrilu ne.