Gyaran Jikin Mota da Fenti: Kwalejin Fasaha ko Gareji?

Iyaye da dama sun sha tambayata inda ya fi dacewa a kai yaron da ya gama ƙaramar sakandare, yake kuma sha'awar gyaran jikin mota da fenti: kwalejin fasaha ko garejin ubangida.

A kwalejin fasaha shekara 3 ake yi, ana haɗa sana'ar da lissafi, Turanci da zanen fasaha, sannan a zauna jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha ta Najeriya da aka kafa a 1992, wadda takardarta ke buɗe ƙofar ci gaba da karatu. Matsalar ita ce ƙarancin kayan aiki a wasu makarantun, inda ɗalibai ke layi a kan ƙofar mota guda.

A gareji kuwa babu kuɗin makaranta, har yaro kan samu na kashewa, amma zai daɗe yana goga samfefa da wanke bindigar fenti kafin a bar shi ya buga lotsewa ko ya haɗa kala. Hannunsa zai faɗa da wuri, wannan babu shakka. Abin da ke damuna shi ne yadda ake fesa fenti babu takunkumi, alhali tururinsa yana cutar da huhu. Ranar yaye ma tana hannun ubangida.

Wanda ke hangen ƙarin karatu ko aikin kamfani, kwaleji ta fi masa. Wanda gidansu ke jiran gudummawarsa, kuma aka samu ubangida mai amana, gareji ya fi dacewa da shi.