Hoton doki mai tutsu a bangon falo: na takarda baƙi da fari ko na kambas mai kala?

Malam, tsakanin hotuna biyu na gasar rodiyo (gasar kaboyi ta hawan dabbobi masu tutsu) da kake son rataya ɗaya a falonka mai kujerun fata da katako, wato baƙi da fari na takarda a cikin firam mai gilashi, da kuma babban mai kala da aka buga a kan yadin kambas, ni na takardar zan ce ka saya. Na mallaki duka biyun, ɗaya yana bangona har yau, ɗayan kuwa ko shekara biyu bai cika ba na sauke shi.

Na takardar a Cheyenne na same shi, babban birnin jihar Wyoming ta Amurka, inda ake yin bikin rodiyo na Frontier Days tun daga 1897, yanzu a ƙarshen watan Yuli. Wani dattijo mai ɗaukar hoto ne ya baza ayyukansa a rumfa, na tsaya ina dubawa ba da niyyar saye ba, har idona ya faɗa kan wani doki da ya miƙe ƙafafunsa na baya sama, kansa a ƙasa, gezarsa a tashe, mahayin kuma ya kwanta baya kaɗan, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan a sama, malafarsa ta rabu da kansa amma ba ta kai ƙasa ba. Da mutumin ya ga na daɗe a tsaye, bai yi mini maganar kuɗi ba, sai ya sa yatsa a kan ƙafar mahayin ya nuna mini inda kaimi yake, can gaba a saman kafaɗar dokin, ya bayyana mini cewa a tsallen farko bayan an buɗe ƙofa dole ne ƙafafun mahayi su kasance a wurin har kofaton gaba ya taɓa ƙasa. Ya juya takardar, ya nuna mini sunan filin da shekarar da ya ɗauka a rubuce da fensir, ya sa hannu a gabana. Na dawo da shi gida a kujerar baya ta mota, na lulluɓe shi da bargo, kuma har yanzu duk baƙon da ya shigo falona sai ya matsa kusa da shi kafin ya zauna.

Wannan matsawa kusa ita ce hujjata ta farko. Hawan doki mai tutsu daƙiƙa takwas ne kacal, kuma alƙalai suna raba maki ɗari gida biyu, rabi na dokin, rabi na mahayin, don haka hoto mai kyau dole ne ya nuna aikin su biyun a lokaci guda: yadda jijiyar cinyar dokin ta ɗaure, yadda igiyar ta miƙe tsakanin ragama da hannu, yadda ƙafa ta zauna a likkafa, da ƙurar da kofato ya tayar. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne labarin, kuma takarda mai santsi ce take riƙe su. Yadin kambas yana da saƙa, saƙar kuma tana cinye siraran layuka, ta yadda gashin geza da tufkar igiya sukan narke su zama dunƙule ɗaya. Daga ƙofar falo ba za ka lura ba, amma da zarar mutum ya zo taku biyu daga bango sai ya ga babu abin da zai ƙara gani.

Hujja ta biyu ta shafi launi, kuma ita ce mutane ba su cika tunawa da ita ba sai hoto ya hau bango. Filin rodiyo na zamani cike yake da allunan talla a jikin shinge, ƙofofin ƙarfe an shafe su da fenti mai ƙyalli, rigar mahayi da falmaran kariyarsa ɗauke da tambarin kamfanoni, ga 'yan kallo a baya kowa da kalar rigarsa. A babbar gasar ƙarshen shekara da ake yi a Las Vegas cikin watan Disamba tun 1985, shingen da ƙofofin rawaya ne shar, kuma wannan rawayar ce za ta mamaye falonka, ba dokin ba. Ɗakin da aka ƙawata shi da salon kaboyin yammacin Amurka ya riga ya tara launukansa, ruwan ƙasa na fata, duhun katako, jan bargo mai zane, baƙin ƙarfe. Baƙi da fari yana shiga cikinsu ba tare da gardama ba, yana share tallace-tallacen baya su koma inuwa, ya bar maka surar doki da mutum kawai, wadda ita ce ainihin abin da kake son kallo.

Ba kuma sabon abu ba ne, domin a baƙi da fari aka gina wannan sana'a. Ralph Doubleday ya yi suna ne da hoton da ya ɗauka a Cheyenne a 1910, na wani mahayi mai suna Gus Nylen yana shawagi a iska bayan dokin da ake kira Teddy Roosevelt ya watso shi, daga nan ya shafe shekaru yana bin gasa gari-gari yana sayar da hotunansa a matsayin katin aikawa ta gidan waya. Bayansa DeVere Helfrich ya ɗauki manyan mahayan tsakiyar ƙarnin, zamanin Casey Tibbs, wanda ya ci kambun duniya na hawan tutsu da sirdi har sau shida. Louise Serpa kuma ita ce mace ta farko da ƙungiyar ƙwararrun mahaya ta ba izinin shiga cikin fili da kyamara, a 1963, kuma dabbobi sun sha bankarta a bakin aiki ba ta bari ba. Tarin hotunan Doubleday da na Helfrich suna ajiye a gidan tarihin kaboyi na ƙasa da ke Oklahoma City. Idan ka ɗan kalli ayyukan waɗannan mutane uku kafin ka fitar da kuɗinka, idonka zai waye, ka riƙa gane bambancin hoton da aka ɗauka a daidai ƙololuwar tsalle da wanda aka makara ko aka yi gaggawa.

Shi na kambas, gaskiyarsa ita ce ya fi araha, ba shi da nauyi, ba ya buƙatar gilashi, kuma yana cike babban bango. Nawa na saye shi ta intanet saboda girmansa, ya iso launinsa ya fi na allon waya duhu, katakon bayansa ya karkace, kafin damina biyu jan rigar mahayin ya koma ruwan hoda a ɓangaren da ke kallon taga.

Akwai wani zaɓi a cikin zaɓin da ya kamata ka yanke tun yanzu, domin hawan tutsu iri biyu ne kuma surarsu a bango ba ɗaya ba ce. A na sirdi, mahayi yana zaune a miƙe, yana riƙe da igiya mai kauri guda ɗaya da aka ɗaura a ragama, ƙafafunsa suna tafiya gaba da baya daidai da tsallen dokin, shi ya sa ake kiransa ginshiƙin gasar, tun da ya samo asali ne daga aikin horar da dawakin da ba a taɓa hawa ba a garken makiyaya. A na ba sirdi kuwa, mutum yana riƙe da wani mariƙi na fata da aka ɗaure a bayan kafaɗar doki, ya kwanta har ƙeyarsa ta kusa taɓa gadon bayan dabbar, jikinsa yana fizga, fuskarsa a murtuke. Na biyun ya fi nuna wahala da ƙarfin hali, amma na farkon ya fi kyan tsari, kuma shi ne irin surar da jihar Wyoming ta sa a lambar motocinta tun 1936. Don falon da za a zauna a sha shayi a yi hira, na sirdi nake ganin ya fi dacewa. Mu da muka tashi muna kallon hawan sallah idonmu ya saba da doki mai ladabi, wanda aka yi wa ado, mahayi ya ja linzami ya tsaya cak a gaban sarki, saboda haka kada ka yi mamaki idan wani dattijo ya tambaye ka dalilin rataya hoton dokin da yake neman kayar da mai shi. Abin da nake faɗa musu shi ne, a can dokin ma ɗan gasa ne, da sunansa da makinsa, ana kiwonsa ne musamman don wannan aiki.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma wajibi ne in faɗa maka, wato maganar masu sayarwa marasa amana, domin sun yi yawa a wannan kasuwa. Kashi na farko su ne masu ɗauko tsohon kati, wanda tsawonsa bai wuce inci biyar da rabi ba, su hura shi ya kai mita guda, su kira shi kayan tarihi. Irin wannan yana fitowa dishi-dishi, kuma ba tsoho ba ne, bugun jiya ne da aka shafa wa launin shayi. Katin asali ƙarami ne, a kan takardar hoto yake, sau da yawa da farin rubutun hannu a gabansa mai ɗauke da sunan mahayi da na doki da na mai ɗauka, kuma idan shi kake so, ka saye shi a ƙaraminsa ka sa masa faffaɗan farin kwali a kewaye. Kashi na biyu su ne masu satar aikin mai hoto da ke raye su buga ba da izininsa ba, kuma alamarsu ita ce ba za su iya gaya maka wanda ya ɗauka, ko a wane fili, ko a wace shekara ba. Kashi na uku, wanda ya fi yawa yanzu, hotuna ne da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa ake sayar da su kamar na gaske. Ka duba hannun mahayin: idan ka ga hannu biyu a igiya, ko linzami mai igiya biyu a bakin dokin, ko ƙaho a gaban sirdin, ka san ba hoton gasar ƙwararru ta zamani ba ne, domin sirdinta ba shi da ƙaho kuma hannu ɗaya ake riƙewa, ɗayan ma ba a yarda ya taɓa doki ko jikin mahayi ba. Ka ƙirga ƙafafun dokin, ka duba ko akwai igiyar da ake ɗaurawa a kwiɓinsa, ka duba fuskokin 'yan kallo ko na mutane ne. Duk wanda ya ce maka kwafi kaɗan aka buga, ka nemi lambar kwafin da sa hannun mai hoton a jikin takardar, ba a bakin mai shago ba.

Idan ka tashi saye, ka nemi bugu a kan takardar auduga da tawada mai jure haske, ko kuma wankin gargajiya na ɗakin duhu idan aljihu zai ɗauka, girman inci 16 da 20 ya isa, domin kwalin kewaye da firam za su ƙara masa faɗi. Firam ɗin ya zama baƙin katako siriri ko katako mai launinsa na asali, ba mai sassaƙar igiya da kofato ba, tun da hoton da kansa ya riga ya faɗi inda ya fito. Ka biya kuɗin gilashin da ke tare hasken rana kuma ba ya ƙyalli, domin gilashi na gama-gari shi ne babban aibin wannan zaɓi, yakan mayar da baƙin hoto madubi idan fitila ta haska shi. Ka rataya shi tsakiyarsa ta yi daidai da ido, wajen santimita 145 daga ƙasa, a bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, kuma idan kuna yin salla a falon, kada ya kasance a bangon alƙibla. Idan bangon bayan doguwar kujera ne ya yi maka faɗi, ka sayi guda biyu na mai hoto ɗaya ka jera su, dawakan suna fuskantar juna.